Mai Kada da 'Ya'yan Sajan

Mijina bai yarda da duk abin da ya kwanta shiru ba. Tun ina amarya na gane haka. In ya shigo ɗaki ya tarar da buhu a bayan ƙofa sai ya taɓa shi da ƙafa kafin ya wuce. In za a zauna, shi ke ɗaukar kujerar da ke kallon ƙofa. Baƙon da ya zo gidanmu ya cika murmushi bai cika magana ba kuwa, yana fita zan sha tambaya: me ya kawo shi, me yake kallo a saman kabad, don me ya ƙi shan ruwa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai ni ban san ruwa ba.

Shi kam ya san ruwa, wannan ba na musu. A gidan namun daji da ke bayan gari yake aiki, shi ke kula da tafkin kada, shi ya sa har yaran unguwa Mai Kada suke ce masa. Yayana, wanda ake kira Dogo, shi ya samo masa aikin tun kafin aurenmu, don Yaya ke tuƙa motar da ke kai wa dabbobin nama. Abokai ne tun suna samari, kuma ta hannun Yaya na san shi. In akwai alhaki a aurena, Yaya ke da rabi, na sha faɗa masa a gaban idonsa yana dariya.

Yatsu biyu na hannun mijina na hagu babu su. Farkon kama aikinsa, kullum da safe yakan sauka ta matakala ɗaya, ya durƙusa a wuri ɗaya, ya ɗebi ruwa da bokiti don wanke siminti. Kadan da ke ciki, wanda ma'aikata suka sa wa suna Sajan saboda ɗaure fuska, yana can nesa kamar guntun icce, bai taɓa ko motsi ba. Ashe haddace shi yake yi. Wata safiya mijina ya miƙa bokiti, ruwan ya tsage, bokitin ya tafi, yatsun suka bi shi. Tun daga ranar bai sake sauka ta matakala ɗaya sau biyu a jere ba, bai sake yin shara a lokaci ɗaya ba. Ya ce kada ba ya bin mutum, karantarsa yake yi. Da abin ya tsaya a bakin tafki da sauƙi, amma sai ya kwaso shi ya kawo mini gida. Yau ya dawo ta bayan kasuwa, gobe ta gaban asibiti, yau da wuri, gobe sai abinci ya huce. Ka tambaye shi ƙarfe nawa zai dawo, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi inda ya ɓoye ransa.

Karatun kada kuwa ni da yara mun sha shi a kan tabarmar cin abinci, ba don muna so ba. Idanunsa da hancinsa da kunnuwansa duk a saman kai suke, layi ɗaya, sai ya nutsar da jikinsa gaba ɗaya ya bar abin da bai fi ɓawon gyaɗa ba a saman ruwa, yana ganinka kai ba ka ganinsa. Akwai wata fata a maƙogwaronsa da ke rufewa kamar murfin tukunya, ya buɗe baki a ƙarƙashin ruwa bai shaƙi ko ɗigo ba. In ya nutse sai ya rage bugun zuciyarsa ya yi lamo, ka haɗa shayi ka sha ka wanke kofi bai taso ba. Ƙananan ɗige-ɗigen nan baƙaƙe da ke gefen muƙamuƙinsa, da su yake jin motsin ruwa, ko ganye ne ya faɗa. Lokacin sanyi yakan yi watanni bai ci komai ba, bai kuma rame a ido ba. In ka ga ya hangame baki a rana ba faɗa yake nema ba, zafi yake fitarwa. Sai in ya rufe bakin ya lumshe ido ne za ka ja da baya. Wani baƙo ya taɓa gaya masa akwai ɗan'uwan kada a wasu ƙasashe, mai faɗin baki, wanda in ya rufe bakinsa haƙoran ƙasa ba sa fitowa. Mijina ya ce wannan shi ne cikakken munafuki, gara namu da ke barin haƙori a waje kowa ya gani. Duk wannan ilimi, darasi ɗaya ya cire daga ciki: wanda ya yi shiru yana kallonka, wani abu yake jira.

Shekara da shekaru Sajan shi kaɗai ne a tafkin. Sai aka rufe wani gidan dabbobi a wani gari, aka kawo musu kada na biyu, ƙato. Kowa ya zuba ido ya ga dambe tsakanin maza biyu. Maimakon dambe, sai aka ga suna goga wuya suna busa kumfa a ruwa. Ba a jima ba Sajan ya hau kan yashin da ke gefen tafki, ya haƙa rami da ƙafafun baya, ya zuba ƙwai ya binne. Ashe Sajan mace ce.

Kai, ranar ma'aikata sun samu abin yi. Mai shara ya ce a sayo mata ɗan kunne, masu gadi suka riƙa yi wa mijina barka da samun suruka. Ba laifinsa ba ne, don ba a gane jinsin kada daga waje sai an kama an duba, kuma wa ya isa ya duba Sajan? Amma ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ya ce har wannan ma ta ɓoye masa. Na ce to ka sake ta mana. Bai yi dariya ba.

Aka kira wata likitar dabbobi ta zo ta yi musu bayani, don ba a taɓa ƙyanƙyasa a tafkin ba. Ta sa aka ware namijin a bayan shinge. Ta ce ƙwan zai yi kusan wata uku a ƙasa, kar kowa ya tona, kar a juya ko ɗaya, kuma zafin yashin ne zai yanke ko maza za a samu ko mata. Mijina yana ta gyaɗa kai. Sannan ta ce in lokaci ya yi 'ya'yan za su yi kuka tun suna cikin ɓawo, uwar ta ji, ta tone ramin, ta kwashe su a cikin bakinta ta kai su ruwa. Nan ya daina gyaɗa kai. Bai yi mata gardama ba, yana da ladabi a waje. Sai da ya zo gida ya ɗaga mini hannun nan mai yatsu uku ya ce wannan bakin ne zai ɗauki jariri? Bakin da ke fasa ƙashin kan saniya kamar biskit? Ya ce ita a littafi ta gani, shi a jikinsa ya gani.

Duk da haka ƙwan nan ya shiga ransa fiye da yadda 'ya'yanmu suka shiga suna ciki, ina faɗa ne ba don kishi ba. Sajan ta kwanta a kan yashin ta daina cin abinci, shi kuma ya zama mai gadinta na biyu. Ya kori guza, ya kori hankaki, ya kori yaran makaranta masu jifa. Daga nan ya fara duban mutane.

To Yaya mutum ne mai ɗabi'a ɗaya kamar agogo. Da asuba ya ɗauko nama, ya shigo ta ƙofar baya da makullinsa, ya raba. Da rana ya zo ya zauna a kan gajeriyar katangar tafki da fulas ɗin shayinsa, su yi hira da mijina. Haka suke tun kafin a haifi ɗanmu na fari. Kuma Yaya ba ya iya ganin mutum bai yi masa magana ba, ko sandar lantarki ce sai ya gaishe ta. Da ƙwan ya zo, kullum in ya zauna sai ya tambaya saura yaushe. Murna yake yi, ya ce zai kawo jikokinsa su gani. Mijina ya fara ajiye tambayar nan a ransa.

Sai wata rana ya hango Yaya a bakin get yana hira da wani mutum mai takalmi mai sheƙi, wanda masu gadi suka ce fatu yake saye, kuma wai 'ya'yan kada suna da kasuwa a wurin irinsu. Ya zo gida ya jera mini abubuwa kamar mai shari'a. Wa ke da makullin ƙofar baya? Wa ke riga kowa zuwa? Wa ke da akwatunan ƙanƙara masu murfi a mota? Wa ya san yadda ake jefa nama can ƙarshen tafki a janye Sajan daga inda take? Abin da ya fi tsaya masa, wai Yaya ya tambaye shi ƙarfe nawa zai fito gobe. Na ce don ya rage maka hanya ne, ka taɓa ganin inda rage hanya ya zama laifi? Ya ce mai son sanin lokacinka, ba lokacin yake so ba.

Ranar na zazzage masa kwandon masifa. Na ce mutumin da ya sama maka aiki, ya ba ka ƙanwarsa, ya ɗauke ka a bayansa zuwa asibiti jini na zuba a rigarsa, shi ne yau ɓarawon ƙwai? Na ce wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu, mun sani, amma Yayana ba tsumma ba ne. Ya yi shiru. Na ɗauka maganar ta shige shi. Na manta a wurin wa ya koyi shiru.

Wata safiya ya isa aiki ya tarar an tone ramin. Yashi a warwatse, ɓawon ƙwai ko'ina, babu ɗa ko guda. Sajan ba ta kan yashin, tana cikin ruwa. Ya duba sawun guza bai gani ba. Sawun ƙafar Sajan kuwa dama ya cika wurin tunda nan take kwana, don haka bai ce masa komai ba. Cinye su ta yi? Ya ce uwar da ta yi wata uku da yunwa a kansu ba za ta ci ba. A bakin ƙofar baya kuma ga sawun takalmin Yaya, sabo, kamar yadda yake a can kowace safiya ta Allah. Bai neme ni ba, bai nemi Yaya ba. Kai tsaye ya wuce ofishin manaja.

Mai sayar da tikiti ce ta bugo mini waya. Ta ce an tsayar da motar Yaya a tsakar fili, an sa masu gadi sun sauke akwatunan ɗaya bayan ɗaya suna buɗewa a gaban ma'aikata, har ƙarƙashin kujera an leƙa. Ba a sami komai ba sai jini da ƙanƙara. Manaja ya ce ya ba da makullai ya tafi gida sai an gama bincike. Ta ce Yaya bai ɗaga murya ba. Ya juya ya dubi mijina.

"Kai ka faɗa, ko wani ne ya faɗa maka?"

"Ni na faɗa," in ji mijina.

Yaya ya ajiye makullan a kan motar, ya bar fulas ɗinsa a ciki, ya tafi gida da ƙafa.

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar labari ya riga Yaya isa unguwa, kuma a hanya ya yi ƙiba: wai an kama shi da buhu, wai ya daɗe yana yi, wai har ɗan zaki ya taɓa sayarwa. Mutumin da ke gaida kowa ya daina fita ƙofar gida. Matarsa ta gan ni a kasuwa ta juya ta shiga layin masu kwanuka, ita da ba ta zo sayen kwano ba. Aikinsa da sunansa duka suna rataye a bakin mijina, ni kuma ina tsakiya, gaba miji baya ɗan'uwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ni ma fa zargin ya kama ni, sai dai nawa ya bi wata hanya. Na zargi manaja, don ya cika son sababbin takalma. Na zargi masu gadi, na zargi mai shara, har likitar nan na ce wa ya sani ko ita ta dawo da mota. Gidanmu ya zama gidan kurame. In ajiye masa abinci in tashi, ya ci ya tashi. In ya buɗe baki, hujja ce zai ƙara kawowa. Ya ce in zo in ga yadda Sajan ta haukace: ta koma lungun da ke ƙarƙashin kwalbati, inda wani injin famfo ke zubo ruwa cikin ciyawa, duk wanda ya doshi wurin sai ta yo kansa da baki buɗe. Ya ce baƙin cikin uwa ne da aka raba ta da 'ya'yanta, ko dabba ta san an cuce ta.

Bayan 'yan kwanaki haƙurina ya ƙare. Na yafa mayafi na nufi gidan namun dajin don in ga manajan nan ido da ido, in tambaye shi binciken nasa a ina ya kwana. Aka ce ya fita. Tunda na riga na ɗauko faɗa ba zan mayar da shi gida ba, sai na zarce tafki. Na tarar da mijina a tsaye da manjagara. Wurin ya yi tsit, ban gane dalili ba sai daga baya: injin ruwan ne ya lalace, bakanike ya kwance shi ya tafi neman kaya. Injin da ke ruri dare da rana a bakin kwalbatin.

Na fara masifa. Na kai wajen rigar Yaya da jini ke nan sai ya ɗaga mini hannu. Na ce kar ka kuskura ka ɗaga mini hannu. Ya ce don Allah in yi shiru, kuma yadda ya faɗa ya sa na yi.

Wani ɗan sauti ne ke fitowa daga cikin ciyawar, ƙasa-ƙasa, kamar 'yan tsaki masu shaƙuwa. Ɗaya ya yi, wani ya amsa. Muka lallaɓa ta bayan katanga muka leƙa ta sama. Ga Sajan kwance a lungun, ga su nan a kanta, a wuyanta, a bayanta, wasu a kan ganye, kowanne bai fi tsawon cokalin miya ba, idanu ƙwala-ƙwala. Muna kallo ɗaya ya yi nisa ya fita fili inda shaho zai iya gani. Sajan ta juya a hankali, ta buɗe bakin nan, ta ɗauke shi. Na kama bakina, na ce shi ke nan. Ga 'yar wutsiyarsa tana lilo tsakanin haƙora. Ta dawo cikin ciyawa, ta sauke muƙamuƙi cikin ruwa, ya fito yana iyo lafiya lau ya hau kan ɗan'uwansa.

Mijina ya zauna daɓas a ƙasa, manjagara a cinyarsa.

Zan faɗi gaskiya a kansa, ba ya ɓoye laifinsa in ya gani. Manaja na dawowa mijina ya sa aka tara ma'aikata a filin da aka sauke akwatunan, ya faɗa da bakinsa cewa ƙazafi ya yi wa Dogo, ba wanda ya taɓa ramin sai mai ramin. Manaja ya miƙo makullan ya ce a kai wa Yaya, gobe ya fito aiki. Da yamma muka tafi tare, shi a gaba ni a baya.

Yaya ya karɓe mu a tsakar gida. Ya rame. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Mijina ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba, ya ajiye makullan a gabansa ya ce ya yafe masa. Yaya ya tambayi 'ya'yan Sajan, ko suna da yawa, ko suna cin abinci, har ya ɗan yi murmushi da aka ce a kan uwarsu suke hawa. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Na saki numfashi, na fara gyara mayafi. Sai ya ce abu ɗaya kawai yake so ya sani.

"Tun yaushe ka fara zargina? Daga ranar mai takalmin nan ne?"

Na dubi mijina ina roƙonsa da ido ya ce e. Kalma ɗaya ce, kuma da ta wadatar. Amma mutumin nan bai iya ƙarya ba, ko ta ceton kai.

"Ba farawa na yi ba, Dogo," ya ce. "Dama ina lura. Ba kai kaɗai ba, kowa."

"Duk shekarun nan da nake zama kusa da kai?"

"Duk."

Yaya ya kai hannu kan makullan. Sannan ya tura su da yatsa har suka taɓa gwiwar mijina. Ya ce a gode wa manaja. Ya ce yafiya ya yafe, ba zai janye ba, amma shi ba zai iya shan shayi kusa da mutumin da ke ƙirga kurɓinsa ba. Ya raka mu har ƙofa, ya ce in gaida yara.

Ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin fulawa, yana can har yanzu. 'Ya'yan Sajan sun girma, an gina musu nasu tafkin, mutane na zuwa kallo, mijina ne ke yi musu bayanin yadda uwa ke ɗaukar ɗanta a baki, kuma ya iya bayanin. In sun haɗu da Yaya a suna ko jana'iza suna gaisawa hannu da hannu, ba wanda zai ce akwai wani abu. Yaya bai yanke zumunci da ni ba, yana zuwa, yana kawo wa yara tsaraba. Sai dai har yau, in zai zo gidana, sai ya fara bugo waya ya tambaya ko ni kaɗai ce.